Sabon Ɗalibi a Kwalejin Al'umma ta Amurka: Ina Aka Dosa?



Duk shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba, makarantun gaba da sakandare na Amurka kan karɓi sababbin ɗalibai. A cikin masu bin layin rajista akwai namu. Akwai 'ya'yan Hausawan Kumasi da na Nima ta birnin Akara waɗanda iyayensu suka kafa gida a unguwar Bronx ta Niyok. Akwai 'yan Nijar mazauna Harlem da Greensboro. Akwai magidancin da ya ci cacar biza, ya baro Kano ko Damagaram da tsohuwar takardar sakandare, yana tuƙin tasi da dare yana neman aji da safe. Akwai uwar da ta ga yara sun tasa ta ce bari ta koma makaranta. Da yawa daga cikinsu ba sa farawa da manyan jami'o'in nan da muke jin sunansu. Kwalejin al'umma suke shiga, wato makarantar gwamnati ta shekara biyu, wadda da wuya ka sami babban gari a Amurka da ba shi da irinta. Da su nake magana yau, da iyayensu, da 'yan'uwansu da ke nan gida suna jiran labari.

Irin wannan makaranta ta daɗe. Wadda ake ɗauka mafi tsufa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliet a jihar Ilinois, kusa da Shikago, wadda aka buɗe a 1901. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya kafa kan ilimi mai zurfi ya ba da shawarar a yawaita su, ta yadda talaka zai yi karatu yana kwana a gidansu. Yau sun kai kusan dubu a faɗin ƙasar. Abu biyu ne ke jan mutane zuwa gare su. Na farko, ƙofarsu a buɗe take: mai takardar sakandare ko makamanciyarta, ana ɗaukarsa. Na biyu, araha. Ɗan gari yakan biya abin da ya kai dala 4,000 a shekara a matsakaicin lissafi, alhali jami'ar gwamnati ta shekara huɗu ta haura dala 11,000, ban da ɗaki da abinci. Ga gidan Musulmi da ke gudun bashin karatu mai ruwa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Shekara biyu a kwaleji, shekara biyu a jami'a, a ƙarshe takardar digirin da za a miƙa maka iri ɗaya ce da ta wanda ya fara a jami'ar tun ranar farko.

Haka tsarin yake a takarda. Yanzu ku saurari abin da ke faruwa a ƙasa. Cibiyar bincike kan kwalejojin al'umma da ke Jami'ar Kolumbiya ta daɗe tana bin sawun waɗannan ɗalibai. Wajen takwas cikin goma na sababbin shiga sukan ce digirin farko suke so. Kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke samun tsallakawa zuwa jami'a. Waɗanda suka kammala digirin cikin shekara shida da fara karatu kuwa, a rahoton da aka fitar a 2024, kashi 16 ne cikin ɗari. Daga takwas cikin goma zuwa ƙasa da biyu cikin goma. Wannan lissafi yana damuna ƙwarai, domin na san irin gumin da ke bayan kowace dala da aka biya.

Ba daƙiƙanci ne ya cinye sauran ba. Wasu talauci ne ya kayar da su, wasu aiki, wasu rainon yara. Amma akwai kaso mai yawa da suka yi karatu, suka ci jarrabawa, suka biya kuɗi, sai dai darussan da suka ɗauka ba su haɗu sun zama hanya ba. Kwalejin al'umma tasha ce. Kowa ya zo za a sayar masa da tikiti, motoci kuma suna ta tashi, amma ɗan kamasho ba zai hana ka shiga motar Gusau ba don kawai a ranka Maiduguri ka nufa. Don haka abin da nake so sabon ɗalibi ya riƙe shi ne wannan: tun kafin ka yi rajistar darasin farko, ka san jami'ar da kake hari da fannin da za ka karanta a can, sannan ka lissafo darussanka daga can zuwa nan. Tun ran gini tun ran zane.

Bari in bayyana dalili, domin a nan ne namu suka fi yin asara. Mu mun saba da wani tsari daban. A Najeriya, wanda ya gama ND a kwalejin kimiyya da fasaha, ko NCE a kwalejin ilimi, yakan cike fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, in an ɗauke shi a sa shi aji biyu na jami'a. Takardar ake dubawa dunƙule. A Amurka kuwa darasi-darasi ake ƙirgawa. Kowane darasi yana da nauyinsa da ake kira kiredit, yawanci uku, na kimiyya mai ɗakin gwaji huɗu. Ƙaramin digiri na shekara biyu kiredit 60 ne, digirin farko 120. Ranar da ka nemi taransifa, jami'a za ta ɗauki takardar sakamakonka ta bi ta layi-layi, tana cewa wannan mun karɓa, wannan ba mu san shi ba. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu a matsakaici. Ku auna: mutum ya yi shekara biyu, a ce masa kusan shekara guda ba ta shiga lissafi ba.

Akwai kuma wani tarko a cikin tarkon. Jami'a tana iya cewa ta karɓi darasinka, ka yi murna, ashe karɓar ba ta ɗora ka ko taki ɗaya a fanninka ba. An jefa shi ne cikin darussan ganin dama, waɗanda ke cika adadi amma ba sa biyan buƙatar sashen da kake son shiga. Mu ɗauki misalin yarinyar da ke son karanta kimiyyar kwamfuta. Ta ɗauki darasin ƙididdiga saboda an ce mata ya fi sauƙi, ta ci da maki mai kyau. Ta isa jami'a, sashen ya ce lissafin kalkulas yake buƙata, na ɗaya da na biyu. Kiredit ɗinta uku suna nan a takarda, amma sai ta koma ta faro lissafi daga tushe, darussan fanninta kuma ba za su buɗe mata ba sai ta gama. Saboda haka tambayar da za ka yi ba ta tsaya ga ko za a karɓa ba. Ka ce: wannan darasin, a jami'a kaza, a sashe kaza, gurbin wane darasi zai cike?

Shi kansa ƙaramin digirin iri-iri ne, kuma fom ɗin shiga yakan nemi ka zaɓa tun ba ka san bambancinsu ba. Wanda ake kira AA da wanda ake kira AS an tsara su ne don mai niyyar wucewa jami'a, na farko ya karkata ga fannonin adabi da zamantakewa, na biyu ga kimiyya da lissafi. Wanda ake kira AAS kuwa na sana'a ne, an gina shi don ka gama ka kama aiki. Darussansa na aikin hannu ne, kuma jami'o'i da dama ba sa ƙirga mafi yawansu. Harafi ɗaya ne ya raba AS da AAS, amma wannan harafin yana iya cin shekara guda ta rayuwar mutum.

Kada a ji kamar ina raina na sana'ar. Sam. Wannan cutar tamu ta fifita mai digiri a kan mai HND, ina roƙon a bar ta a filin jirgi. A Amurka mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ɗumama shi, da mai haɗa wutar lantarki, da mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, da mai tsabtace haƙori a wurin likitan haƙori, duk suna ci da iyalinsu cikin rufin asiri, kuma da yawansu daga kwalejin al'umma suka fito. Magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya zaɓi takardar sana'a ya gama cikin shekara ɗaya ko biyu bai yi kuskure ba. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya faɗa wannan layin bisa rashin sani, yana zaton hanyar jami'a yake bi.

Abin farin ciki, jihohi da dama sun share hanya, sai dai ba za a biyo ka da labarin har gida ba. A Kalifoniya, inda ake da kwalejojin al'umma 116, wata doka ta 2010 ta ƙirƙiro ƙaramin digiri na musamman don taransifa. Wanda ya gama shi da makin da ake nema, an lamunce masa gurbi a rukunin jami'o'in gwamnatin jihar da ake kira CSU, kuma kiredit 60 ne za su rage masa. Amma a lura, gurbi a rukunin aka lamunce, ba lalle a reshen da ransa ke so ba. Ɗaya rukunin, wato UC, shida daga rassansa suna da yarjejeniyar lamunin shiga da ake kira TAG: Davis, Irvine, Merced, Riverside, Santa Barbara da Santa Cruz. Berkeley da UCLA da San Diego ba sa ciki, can sai an fafata. Akwai kuma shafin intanet na hukuma mai suna ASSIST, inda za ka sa sunan kwalejinka da jami'ar da fannin, ya jero maka wane darasi ke tsaya wa wane. Rabin awa a wannan shafin ya fi wata guda na jin ta bakin abokai.

A Fulorida tun 1971 aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba mai AA daga kwalejin jihar damar shiga ɗaya daga jami'o'in gwamnatin jihar. Sun kuma yi wata dabara mai kyau: lambar darasi iri ɗaya ce a duk makarantun gwamnati, ta yadda darasin rubutun Turanci na farko, ENC 1101, shi ne shi ko'ina ka je. A birnin Niyok, inda namu suka fi yawa, kwalejojin al'umma bakwai ne a ƙarƙashin rukunin jami'ar birnin da ake kira CUNY, ciki har da ta Bronx da Hostos da BMCC da LaGuardia, kuma tun 2013 aka daidaita darussan gama-gari don su riƙa bin ɗalibi daga wannan makaranta zuwa waccan a cikin rukunin. Duk waɗannan lamuni suna ƙarewa ne a iyakar jiha. Wanda ya fara a Niyok yana shirin komawa wurin kawunsa a Teksas, ya san cewa zai shiga wani lissafi dabam, ya kuma tuntuɓi jami'ar can tun yanzu.

Sai maganar lissafi, wadda nake so in ɗan daɗe a kanta. Da ka shiga, makaranta za ta auna matsayinka a Turanci da lissafi, ko ta gwaji ko ta duba sakamakonka na baya. Mutum ya sauka daga aikin dare, ya shiga gwajin ido na lumshewa, bai buɗe littafi ba shekara takwas, sai a jefa shi ajin share fage. Waɗannan azuzuwa ana biyan kuɗinsu, suna cin lokaci, amma ba su da kiredit ɗin da ke shiga digiri. An yi shekaru ana ganin ɗalibai suna maƙalewa a cikinsu har su gaji su bari, shi ya sa Kalifoniya ta yi doka a 2017 da ta tilasta wa kwalejoji su riƙa sa ɗalibi kai tsaye a ajin da ke da kiredit, tare da ƙarin taimako a gefe. Wasu jihohin ma sun bi wannan hanya. To kai dai ka yi bita kafin gwajin. Ka kawo sakamakonka na WAEC ko NECO ko Bakaloreya, in an buƙaci tantancewa ka kai wa hukumomin da ke wannan aiki irin su WES. In an sa ka a ajin da kake ganin ka wuce shi, ka tambaya ko akwai damar sake gwaji.

Kuma kada ka ɗage lissafi zuwa zangon ƙarshe don tsoro. Darussan kimiyya a jere suke, wani ba ya buɗewa sai an gama wani. Mai son injiniya yana da kalkulas hawa uku a gabansa, fizis ɗinsa kuma yana jiran na farkon. Wanda ya ƙi taɓa lissafi a zangon farko ya riga ya ƙara wa kansa wata shida, ko da ya ci kowane darasi da maki mafi girma. Wani darasin ma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. In ka kuskure shi, sai baɗi.

Wani abin da ke ruɗar sababbi shi ne adadin kiredit a zango. Makaranta da hukumar tallafi suna ɗaukar mai kiredit 12 a matsayin cikakken ɗalibi. Amma ku lissafa da kanku: 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Mai son gamawa cikin shekara biyu sai ya ɗauki 15 a kowane zango, ko ya cike giɓin da karatun bazara. Ban ce kowa ya ɗauki 15 ba. Wanda ke aikin awa arba'in a rumbun kaya, ko yake kwana yana jinyar tsofaffi a gidajensu, in ya ɗora darasi biyar a kai zai zubar da duka. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ka zaɓi jinkirin da idonka a buɗe, ka rubuta a takarda wane zango za ka gama, maimakon ka farka bayan shekara huɗu kana tambayar inda lokaci ya tafi. Ga 'yan'uwa Musulmi, jadawalin a hannunka yake: in ka yi rajista da wuri za ka iya kauce wa ajin da ya faɗo lokacin sallar Juma'a, in ka makara sai abin da ya rage.

Kuɗin tallafi ma yana da ƙa'idojin da ba a cika karantawa ba. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya cike fom ɗin FAFSA, kyauta ne, kada wani ya karɓi ko sisi a hannunka da sunan cike shi. Ta nan ake samun tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, kuma mafi yawansa a shekarun nan dala 7,395 ne a shekara. Amma Pell yana da iyaka: daidai da zango 12 na cikakken karatu a duk tsawon rayuwa. Wanda ya ƙona zango takwas yana yawo tsakanin fannoni a kwaleji, huɗu ne suka rage masa a jami'a, inda kuɗin ya fi tsada. Sannan dole makinka ya tsaya a 2.0 ko sama, ka kuma kammala wajen kashi biyu cikin uku na darussan da ka yi wa rajista. Darasin da ka janye daga cikinsa bayan wa'adin sauyi ya wuce, ana ƙirga shi cikin waɗanda ka ɗauka ba ka gama ba. Mafi muni shi ne ka daina zuwa aji shiru ba ka sanar ba, domin faɗuwa za a rubuta maka, wani lokaci har a ce ka mayar da wani ɓangare na kuɗin.

Wanda ya shiga da bizar ɗalibi ta F-1 kuwa, nasa dokokin sun fi tsauri. Ba shi da Pell, kuɗin makarantarsa ya ninka na ɗan gari, ba ya sauka ƙasa da kiredit 12 sai da izinin jami'in kula da ɗaliban ƙetare, aiki kuma a cikin makaranta ne, awa 20 a mako lokacin karatu. Kada ya janye daga darasi ko ɗaya kafin ya ga wannan jami'in, domin zamansa a ƙasar ne ke kan layi.

Yanzu ga iyaye. Na san abin da ake faɗa a gidajenmu na can: ki yi nas, aiki na nan. Gaskiya ne aiki na nan, kuma aikin jinya sana'a ce mai daraja. Amma shiga kwaleji daban, shiga shirin jinya daban. Sai an gama darussan share fage, irin su ilimin sassan jiki da na ƙwayoyin cuta, sannan a nemi gurbi, gurabun kuma kaɗan ne, ana tacewa da maki. Bayan an gama sai jarrabawar lasisi ta NCLEX. A jihar Niyok, dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta ce sabon nas mai ƙaramin digiri ya samo digirin farko cikin shekara goma. Yarinyar da jini ke tayar mata da hankali, aka tura ta wannan layin don faranta ran gida, za ta yi shekara biyu tana faɗuwa a darussan da ba ta so, makinta ya lalace, ya kuma bi ta duk inda ta nufa daga baya. Alhaji, Hajiya, ku zauna da ita ku ji me take iyawa. Shawararku tana da nauyi a wurinta fiye da ta kowane malami, shi ya sa ya kamata a yi ta da sani.

Ɗalibin da bai san abin da yake so ba, wannan ba abin kunya ba ne a shekara goma sha takwas. Amma rashin sani ma ana tsara shi. Ka zaɓi babban ɓangare tukuna, lafiya ne, ko kasuwanci, ko kimiyya da injiniya, ko koyarwa. Ka fara da Turanci da lissafin da ya dace da ɓangaren, da darasi ɗaya na ɗanɗano daga fannin da ke jan hankalinka. Ka je ofishin shawarar sana'a na makarantar, kuɗinsa na cikin abin da ka biya. Ka nemi wanda ke yin aikin da kake sha'awa, a masallaci ne ko a taron ƙungiyar 'yan gari, ka tambaye shi yadda yininsa ke wucewa da takardar da aka nema kafin a ɗauke shi. Ka ba kanka wa'adi: kafin ƙarshen zango na biyu ka tsayar da magana.

Ku kuma 'yan'uwa na gida, ina roƙonku da girman Allah. Wanda ke makaranta a Amurka bai isa ba tukuna, yana hanya ne. Duk dala ɗari da aka matsa masa ya turo, awoyi ne ya cire daga karatu ya kai wurin aiki. Larura ta gaske daban, wannan kowa ya san ta. Amma kuɗin anko da canjin waya za su iya jira shekara biyu.

Akwai wata tarbiyya tamu mai kyau da ke juyewa ta cuci yaranmu a can. An koya mana kada mu tsare babba da tambaya, kada mu maimaita magana in an ba mu amsa. Sai yaro ya shiga ofishin mai ba ɗalibai shawara, a jero masa darussa huɗu cikin minti goma, ya ce to na gode, ya fito bai fahimci komai ba. Shi wannan jami'in ɗaruruwan ɗalibai ne a wuyansa, in ba ka faɗa masa inda ka dosa ba, abin da ke da gurbi zai ba ka. Matambayi ba ya ɓata. Ka shiga da sunan jami'a biyu ko uku da fanninka a rubuce. Ka nemi a tsara maka jadawalin zango huɗu gaba ɗaya. Ka ce a turo maka ta imel don ya zama kana da shaida. Sannan ka kira ofishin karɓar 'yan taransifa na ita jami'ar ka tabbatar, domin ita ce mai maganar ƙarshe a kan abin da za ta karɓa. Manhajar kowane darasi da malami ya raba a makon farko, ka adana ta, wata rana da ita za ka kare kiredit ɗinka in an yi gardama. Malamai kuma suna da awoyin da suke zama a ofis musamman don ɗalibai. Zuwa wurinsu ba rashin kunya ba ne, kuma su ne za su rubuta maka takardar shaida ranar da za ka nemi tallafi irin na gidauniyar Jack Kent Cooke, wadda ke ba 'yan taransifa har dala 55,000 a shekara.

In ana neman hujjar cewa jagora na canza sakamako, tana nan a birnin Niyok. A 2007 CUNY ta fara wani shiri mai suna ASAP. Ɗalibi zai yi alkawarin cikakken karatu da ganin mai ba shi shawara a kai a kai, su kuma su cike masa giɓin kuɗin makaranta, su taimaka da littattafai, su ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas. Cibiyar bincike ta MDRC ta raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a ta bi su shekara uku. A cikin 'yan shirin kashi 40 cikin ɗari suka kammala, a ɗaya ɓangaren kashi 22. Yara iri ɗaya ne, unguwa ɗaya, talauci ɗaya. Duk ɗan Bronx ko Harlem da ke saurarena, ko uwarsa, a tambayi wannan shiri tun ranar rajista, domin an fi ɗaukar mutum a farkon karatunsa.

A yi hattara kuma da makarantun kuɗi masu talla a jirgin ƙasa da waya, masu alkawarin takarda cikin wata tara. Rukunin Corinthian ya rushe a 2015, ITT Tech ya bi shi a 2016, dubban ɗalibai suka wayi gari da bashi da kiredit ɗin da jami'o'i da yawa suka ƙi karɓa. Kafin ka sa hannu a ko'ina, ka tambayi jami'ar gwamnati ta jiharka ko tana karɓar darussan wurin.

Abu na ƙarshe shi ne kalanda, domin lokacin neman taransifa yana zuwa da wuri fiye da yadda ake zato. A Kalifoniya, mai son shiga UC a kakar baɗi, a watan Satumba na bana zai cike takardar TAG, babban fom ɗin kuma a rufe shi a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Ma'ana, wanda ya fara kwaleji a wannan Agustan, in yana son gamawa cikin shekara biyu, wata goma sha uku ne tsakaninsa da takardar farko, kuma makin zango biyun farko ne za a fi gani a kanta. Sauran jihohi kowace da ranakunta, suna nan a shafin kowace jami'a. A nemo su a wannan makon, a rubuta a manna a bangon ɗaki kusa da jadawalin aji.